Kana son buɗe mujallar waƙoƙi da kuɗin aljihunka? Zo mu zauna tukuna

Tunda na saka hoton tsohuwar mujallarmu a sitatus mutane suke ta min magana, wannan ya ce yaya ake farawa, wancan ya ce nawa ake kashewa, wata baiwar Allah ma cewa tayi ita ta riga ta zaɓi suna da kalar bango, waƙoƙin kawai take jira su zo. Toh naga gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta, in huta da maimaita abu ɗaya kullum.

Mu huɗu muka fara tamu, kuma duk cikinmu babu mai kuɗi, malamin firamare ne da ɗalibai biyu sai ni. Abun da na koya wanda ya fi komai shi ne fitowa ta farko ba ita ce aikin ba. Ta farko zumuɗi ne ke buga ta, kowa zai kawo waƙa kowa zai sa hannu a aljihu, yayanka ma da bai san baiti ba zai tura maka wani abu ya ce Allah ya sa albarka. Ta biyu da ta uku nan ake gane ko mujalla ce ko kuwa biki akayi aka watse. Saboda haka duk abun da zan faɗa a ƙasa, ka riƙa auna shi da tambaya ɗaya: shin wannan zai bar ni in fitar da ta uku?

Fara da sanin wace irin mujalla ce

Kar ka ce "ta waƙoƙi ce kawai", wannan ba amsa bace. Hausa zalla za kayi ko za ka haɗa da Turanci, Fulatanci, Larabci? Boko kawai ko da ajami? Waƙa mai ƙafiya da kari irin wadda muka gada, ƙwar biyu ƙwar huɗu ƙwar biyar (wato mai ɗango ko layi biyu, huɗu ko biyar a kowane baiti), ko har da irin wadda matasa ke yi a kan dandamali yanzu wadda ba ruwanta da amsa-amo? Ka yanke tun yanzu ka rubuta a layi biyu ko uku, domin ranar da dattijon mawaƙi ya buɗe shafi ya ga waƙar da babu ƙafiya kusa da tasa, zai kira ka ya ce wannan kuma meye, kuma dole kana da amsar da za ka bashi cikin ladabi. Ni dai ra'ayina a haɗa su, amma a sani cewa da gangan aka haɗa. Mujallar da ta ƙi matasa tsufa take yi tun tana jaririya, wadda kuma ta ƙi masu kari bata da tushe.

Sai girma da lokaci. Shawarata A5 (rabin takardar A4), shafi 32, sau biyu a shekara. Na san za ka ce yayi kaɗan, kai duk wata kake so. Ɗan'uwa duk wata ɗin nan shi ya kashe mujallu da yawa, ka yi sau biyu ka cika alƙawari ya fi ka ce sau goma sha biyu ka ɓace bayan ta uku. Kuma akwai ranaku biyu da suka zauna daidai kamar don kai aka ajiye su: 21 ga Maris ranar waƙa ta duniya da UNESCO ta ware tun 1999, da 26 ga Agusta ranar Hausa ta duniya. Wata biyar ne tsakaninsu, sannan wata bakwai kafin a zagayo, ka ga kana da lokacin numfashi, kuma a ranakun mutane dama suna neman abun da za su saka su yi magana a kai.

Kar ƙanƙanta ta baka kunya. The Horn da J.P. Clark ya fara yana ɗalibi a Ibadan a 1958 da injin gurza takarda ake buga ta, 'yar ƙarama ce ta ɗalibai, amma a cikinta aka ga waƙoƙin farko-farko na mutanen da daga baya suka zama manyan mawaƙan Turanci na Najeriya. Mu ma nan gida ai ba da mujalla mai sheƙi waƙa ta rayu ba, a shafukan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a 1939 take fitowa, da 'yan ƙananan littattafan Zariya, da ƙungiyoyi irin Hikima Kulob ta Alhaji Mudi Sipikin a Kano da suke rerawa a rediyo.

Mutane da kuɗi

Kar kayi kai kaɗai, kar kuma ku wuce huɗu. Mutum ɗaya ciwon kai na sati ɗaya ya isa ya tsayar da komai, mutum goma kuma gurup ɗin WhatsApp kawai za ku zama kuna ta turo sitika. Ana buƙatar edita mai magana ta ƙarshe a kan waƙa, mai tsara shafi a kwamfuta, da ma'aji. Ma'ajin nan kar ya zama editan, ko da kuwa editan waliyyi ne. Ba don zargi ba, don dai ranar da lissafi ya rikice a samu wanda za a tambaya ba tare da zumunci ya lalace ba. Mu ma'ajinmu mace ce kuma wallahi ita ta riƙe mu, littafin lissafi gareta mai bango ja, ko kuɗin kati na naira ɗari ka kashe sai ta rubuta ta ce ina rasit.

Maganar kuɗi kuwa, ka cire rai da riba tun yanzu. Burinka shi ne kuɗin bugun wannan ya dawo ya buga na gaba. Dabarar da tafi burge ni ta wata mata ce a Chicago ta Amurka, Harriet Monroe, da ta kafa mujallar Poetry a 1912. Kafin ta buga ko shafi ɗaya sai da ta bi mutane ɗari ta samu kowanne yayi alƙawarin dala 50 duk shekara har shekara biyar, kuma mujallar nan har yau tana fitowa. Kai ba sai ka nemi ɗari ba, nemi mutum ashirin ko talatin da za su biya kuɗin fitowa biyu a gaba, ka rubuta sunayensu a bayan bango in sun yarda. Kusan adashi ne, sai dai kwasar kowa mujalla ce. Malaman sashen Hausa, tsofaffin 'yan ajinku da suka samu aiki, ɗan kasuwar unguwarku mai son a ce yana son ilimi, duk ka bi su. Amma ka karɓi kuɗin a hannu ko ka ga alat, "zan turo" ba kuɗi bane.

Abun da ban yarda dashi ba shi ne karɓar kuɗi a hannun mawaƙi don a buga waƙarsa. Da ka karɓa toh ka sayar da ikon cewa a'a, mujallar ta zama allon talla. Haka kuɗin ɗan siyasa, in ya bayar yau gobe yaronsa zai kawo maka waƙar yabo mai baiti sittin ya ce oga ya ce a sa a shafin farko. In za ka karɓi talla karɓi ta mai shagon littattafai, makaranta, mai ɗinki, ka sa a bango na ciki, shikenan.

Neman waƙa da tace ta

Sanarwarka ta zama gajera kuma a fili: waƙa nawa mutum zai turo (uku sun isa), iyakar baiti nawa, ranar rufewa, inda za a turo, da cewa wadda ba a taɓa bugawa ba ake so. Ka faɗi matsayinka a kan wadda aka riga aka saka a Facebook, don yawancin waƙoƙin yanzu can suke fara fita, mu mun ce mun yarda in dai ba a cikin littafi ta fito ba. Ka buɗe imel na mujallar daban, kar ka ce a turo ta lambarka, in ba haka ba ƙarfe biyun dare wani zai turo maka hoton takarda a karkace ya biyo da "ka gani?" sau biyar. Amma ka bar ƙofa ga dattawan da basa taɓa imel, su a je gida a durƙusa a gaishe su a karɓo rubutun hannu, in da ajami ne a ɗauki hotonsa da kyau a buga shi yadda yake gefe da boko. Irin shafin nan shi mutane suka fi tsayawa a kai.

Iyakar baitin nan ka riƙe ta da ƙarfi. Mawaƙinmu in ya fara da yabon Ubangiji da salati ya shiga jigo ya fito yayi rufewa har da ramzi (shekarar da aka yi waƙar, a ɓoye cikin haruffa), kafin ka ankara ya cinye maka shafi shida cikin 32. Waƙa mai tsawo ɗaya a kowace fitowa ta isa, ita ce uwar tafiya, sauran su zama gajeru.

Wajen zaɓe ga yadda muke yi, kuma ban ga abun da ya fishi ba. Mutum ɗaya ya cire sunaye ya sa lamba, sauran su karanta basu san ta waye ba. Sannan a zauna a rera kowacce da baki. Eh a rera, ba a karanta da ido ba. Rubutacciyar waƙar Hausa don kunne aka gina ta, karinta a kan gaɓa mai nauyi da mara nauyi yake tafiya, waƙar da tayi kyau a takarda sai ka ji tana ɗingishi a ɗango na uku da zarar an ɗaga murya, wata kuma da ka raina sai ka ji ta zauna daram. Ba sai ka haddace karuruwan Larabci irin su Kamil da Ramal da Mutaƙarab ba kafin ka zama edita, amma ya kamata a cikinku akwai mai kunnen da zai ce nan ya karye, in babu ku nemi wani malami ku riƙa kai masa.

Cire sunan nan yana da wani amfani da ba a faɗa: kariya ce gare ka. Ranar da abokinka na ƙut da ƙut ya ce yaya ban ga tawa ba, sai ka ce wallahi lamba muka gani ba suna ba. Don cewa a'a shi ne rabin aikin edita, kuma a wajenmu yana da wuya, ga kunya ga zumunci ga girman na gaba. Wanda ba a ɗauka ba a rubuta masa, kar ayi shiru, shirun yafi ciwo. Layi uku sun isa: mun gode, bata samu shiga wannan karon ba, muna jiran wata. In ka ga alamar baiwa ƙara layi ɗaya ka nuna masa baitin da ya burge ka, yaron nan zai dawo da wadda tafi. In babban mutum ne kuwa kar ka tura saƙo, tashi ka je. Na taɓa zama gaban wani dattijo kusan awa ɗaya ina ta Allah ya gafarta malam ina zagaye-zagaye kafin na iya cewa waƙar tafi ƙarfin shafukanmu, ko za a bamu baiti goma sha biyu daga ciki. Yayi shiru har na fara gumi, sannan ya ce toh ku ɗauki na tsakiya, na farkon dama gaisuwa ce.

Satar fasaha kuma tana nan. Duk waƙar da ka ji tafi ƙarfin mai ita, ɗauki ɗango ɗaya ka saka a Google da Facebook, sannan ka karanta wa wani tsohon malamin Hausa, don da yawa abun da ake sata daga tsofaffin littattafan makaranta ne da basa intanet. Yanzu ga masu sa manhajar kwamfuta ta rubuta masu, ita ma in an rera ana ganewa, kalmomin suna nan amma ba gishiri.

Gyara, inda aka fi ɓarna

Nan zan daɗe kaɗan don nan ne sababbin editoci ke kashe waƙa da kyakkyawar niyya. Gyaran ƙa'idar rubutu daban, taɓa harshen mawaƙi daban. Raba kalma da haɗe ta, babban baƙi, ƙugiya, wannan aikinka ne. Amma Basakkwace ya rubuta "wanga" ka mayar "wannan" don kai Bakano ne, ka sauya nauyin gaɓar ƙarshe, karin ya karye. Ya ce "ɗiya" ka mayar "'ya", ka cinye gaɓa guda sukutum. Mutumin Damagaram ko Maraɗi ko Katsina ya turo da karin harshensa, bar masa abunsa, in kalmar zata wahalar da mai karatu sa ɗan bayani a ƙasan shafi. Mawaƙi kuma yakan gutsure kalma ko ya ja ta da gangan don ma'auni, ba kuskure bane. Ƙa'idar ita ce duk abun da ka taɓa wanda ya wuce ƙugiya da waƙafi, tura masa ya gani ya amince kafin a buga.

In kuna karɓar waƙa daga Nijar ku yanke tun wuri a kan 'y da ƴ, su can ƴ suke rubutawa mu nan 'y, ko ku bar kowa da nasa ko ku bi ɗaya, kar dai shafi ɗaya ya zama rabi da rabi.

Sannan izini. Waƙa ta mai ita ce, kai aron bugu ɗaya ya baka. Rubuta 'yar takarda ko saƙo: na yarda a buga waƙata kaza a fitowa kaza, a takarda da PDF da murya, haƙƙin mallaka yana hannuna. Ya amsa da na yarda, ka ajiye. Waƙoƙin magabata kuma ba na banza bane don mai su ya rasu, a dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya sai an shekara 70 bayan rasuwar marubuci aikinsa ke zama na kowa. Na Nana Asma'u da ta rasu 1864 babu matsala ta wannan fuskar, amma Sa'adu Zungur a 1958 ya rasu, kai yi lissafin da kanka, na bayansa kuwa sai ka nemi iyalai ko kamfanin da ya buga. In baka da kuɗin biyan mawaƙa, kuma da wuya ka samu, faɗa masu gaskiya tun a sanarwa, ka basu kwafi biyu-biyu kyauta. Wannan kam kar ka yi ƙwauro.

Wajen mai buga takarda

Shafukanka dole su zama ninkin huɗu, 28, 32, 36, domin takardar A4 ɗaya in an ninka ta shafi huɗu take bayarwa. Kenan shafi 32 takarda takwas ce. Kwafi 200 takarda 1,600, rim uku da ɗoriya tunda rim ɗaya 500 ne, ka sayi huɗu saboda wadda zata lalace. Da wannan lissafin a kanka babu mai maka wayo. Ciki farar takarda giram 70 ko 80 baƙi da fari, bango kati mai ɗan kauri giram 250 ko 300, a ɗinke da waya a tsakiya. Kala a bango kawai, waƙa bata buƙatar kala. Kwafi kaɗan irin 100 zuwa 200 injin da ke bugawa kai tsaye daga kwamfuta yafi sauƙi, sai adadin yayi yawa sannan yin faranti don babban injin bugu ke da riba. Tambayi wuri uku kafin ka bada aiki, farashin takarda yana motsi da dala, wanda aka faɗa maka watan jiya ba shi bane na yau. Kuma kar ka yarda da "ƙara ɗari biyar ai sauƙi zai yi maka", sauƙin yana nan ƙarƙashin gadona har yanzu cikin kwali.

Yanzu ƙugiya. Wayyo ƙugiya. Fitowarmu ta farko mun kai aiki a Word, yaron shagon ya buɗe a kwamfutarsa da bata da irin harafin (font) da muka yi amfani dashi, duk ƙ da ɗ da ɓ suka koma akwati-akwati, shi kuma don taimako sai ya bi ya mayar dasu k da d da b bai faɗa mana ba. Aka buga. Inda mawaƙi ya ce ƙura ta lafa sai ga kura ta lafa, baƙi suka koma baki, wata waƙar ta'aziyya da aka ce ɗaki ya yi duhu ban ma son tunawa. Laifinmu ne, mu muka ƙi zuwa duba gwaji don muna sauri. Toh ka yi amfani da harafin da ke da ƙugiya a jikinsa, Charis SIL, Gentium, ko Noto, duk kyauta ne, ka tsara a InDesign ko CorelDraw ko Scribus wanda shi ma kyauta ne, ka fitar da PDF da harafin a cikinsa, PDF kaɗai za ka miƙa. Ka ce a buga maka kwafi ɗaya na gwaji, ka zauna a shagon ka karanta tun daga bango har bango, ka ba wani wanda bai taɓa gani ba shi ma ya karanta, sannan ka sa hannu. Ka duba ɗango mai tsawo da ya karyo zuwa layi na biyu, ka duba kar baiti ya rabu rabi a wannan shafi rabi a wancan, ka duba sunan kowane mawaƙi sau biyu, mutum zai yafe maka komai banda ɓata masa suna.

Kuɗin aiki kar ka biya duka a gaba, rabi yanzu rabi in ka ƙirga kayanka. Kuma kar ka kai aiki dab da zaɓe ko ƙarshen shekara lokacin kalanda, fosta zata ture ka gefe, ranar da aka ce maka gobe toh ka ƙara sati.

Takardun hukuma ba su da yawa. Mujalla ISSN take ɗauka mai lamba takwas, ba ISBN na littafi ba, kuma a Najeriya Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ke bayarwa, lamba ɗaya ce zata bi duk fitowarku muddin baku canza suna ba. Doka ta ce mai bugu mai zaman kansa ya kai masu kwafi 3 na abun da ya buga, ka kai, ko ba don doka ba nan ne wani ɗalibi zai same ku bayan shekara talatin. In kuna son asusun banki da sunan mujallar sai kun yi rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, amma wannan zai iya jira har ku ga kun tsaya da ƙafarku. In a Kano kake ka tuna hukumar tace fina-finai ta jihar har da ɗab'i a cikin huruminta, ka je ka tambayi abun da ake buƙata kafin ka baza a kasuwa.

Sayarwa

Ƙaddamarwa tana da daɗi amma kar ka gina lissafi a kanta. Babban mai ƙaddamarwa zai tashi ya ce ya sayi kwafi goma a kan kuɗi kaza a tafa, bayan nan kai da yaronsa ne a waya har ka gaji ka haƙura. Yi ƙaramin zama, aji ɗaya a makaranta ko harabar wani ɗakin karatu, mawaƙan su rera da bakinsu, a ajiye tebur a bakin ƙofa da mai karɓar kuɗi da lambar asusu a rubuce ɓaro-ɓaro. Ranar ce za ka sayar da mafi yawa, don mutum in ya ji waƙa ta taɓa shi a take yake son ya riƙe ta.

Bayan nan kasuwarka ta gaskiya makarantu ce. Sassan Hausa na BUK, ABU Zariya, Danfodiyo a Sakkwato, Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, kwalejojin ilimi, har jami'ar Abdou Moumouni a Yamai in kana da wanda zai kai. Malami ɗaya in ya ce wa ɗalibai su yi nazarin waƙa daga ciki, kwalin ya tashi. Sai tarukan marubuta, zaman ƙungiyar marubuta ta ANA na jiharku, bukukuwan littafi irin na Kaduna, ka shiga da jakarka kar ka ji nauyi. Masu shagon littafi kuwa yawanci sai an sayar za su biya, toh kar ka zube masu hamsin, basu biyar ka rubuta a sa hannu, in sun ƙare ka karɓi kuɗi ka ƙara. Na wani gari a haɗa su wuri ɗaya a ba direba a tasha, mutum ɗaya ya karɓa ya raba, kuɗin mota a kan mai saye kuma a faɗa masa tun farko.

"Bani ɗaya in gani" ita ce ke cinye jari. Ware adadin kyauta tun kafin kaya su iso, na mawaƙa, na ɗakin karatu, na dattawa biyu-uku, in ya ƙare ya ƙare, ka ce ma'aji ta hana. Shi yasa nace a samu ma'aji mai tsauri.

PDF kuma ka sani da ka tura wa mutum ɗaya ka tura wa duniya, gobe za ka ganshi a gurup goma. Mu sai muka daina faɗa da abun, mukan riƙe shi har na takarda ya kusa ƙarewa, sannan mu sake shi kyauta da hannunmu da sanarwar fitowa ta gaba a shafin ƙarshe. Abun da yafi jawo mana mutane ma ba PDF bane, murya ce. Kowane mawaƙi ya ɗauki kansa da waya a ɗaki mai shiru yana rerawa, minti biyu ko uku, a riƙa sakin ɗaya duk sati da hoton bango. Wanda bai iya karatun boko ba ya ji, tsohuwa a gida ta ji, direba ya ji, kuma tsakanin fitowa da fitowa ba a manta daku ba.

Kuɗin da ya shigo kar a taɓa shi ko da na shayi ne, a asusun ya kwana. Sati biyu bayan fitowa ku zauna ku huɗun da littafin ma'aji: nawa aka buga, nawa aka sayar, nawa aka bayar, nawa ke hannun mutane, nawa ya rage a buga ta gaba. In akwai giɓi a rage shafi zuwa 28 ko a rage kwafi, kar a ɗaga rana. Kuma a ranar ce za ku fitar da sanarwar neman waƙoƙin fitowa ta biyu, tun mutane na ɗauke da ta farko a hannu. Waƙoƙi biyu-uku masu kyau da suka rage maku a zaɓen farko, ku nemi izinin masu su ku ajiye, da su za ku buɗe sabuwar folda. Kwafi biyar na kowace fitowa kuma a sa a leda a ɓoye inda gara da ɗigon ruwa basa kaiwa, da PDF ɗin a wuri biyu, don ni tamu ta farko mai kura ɗin nan sai a hannun wani tsohon ɗalibi na samo ta, shi ma da kyar ya bani aro na ɗauki hoto.